'Yan Ci-ranin Sama: Me Ke Tara Tsuntsaye a Bakin Teku da Kaka?

Daga tsakiyar watan Agusta zuwa farkon Nuwamba, akwai mutanen da ke sammako su nufi bakin teku babu taru babu ƙugiya. Sukan nemi wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin ruwa, su kafa madubin hangen nesa a kan ƙafafunsa uku, su ɗaga kai sama, su yini a haka. Tsuntsaye 'yan ci-rani suke jira, waɗanda suka gama ƙyanƙyasa a arewacin duniya suka kamo hanyar kudu tun kafin sanyi ya kashe ƙwari, ƙanƙara ta rufe ruwa. Wanda ya taɓa dacewa da rana mai kyau a irin wannan wuri ba ya mantawa. Sai dai akwai tambayar da murna kan hana sabon mai kallo yi wa kansa: me ya tara su a nan? Ƙasa ga ta da faɗi, sama babu shinge babu kan iyaka, don me dubban tsuntsaye za su cunkushe a ɗan zirin da ke tsakanin tudu da ruwa?

Abin da na fahimta bayan shekaru ina wannan tsayuwa shi ne, bakin teku ba ya nuna maka ƙaurar yadda take. Inda ta ƙuntata yake nuna maka. Tsuntsun da hanya ta yi wa kyau, da wuya ka sa shi a ido.

Wani ƙiyasi da masana suka fitar a 2009 ya nuna cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2.1 ne ke barin Turai zuwa Afirka kudu da Sahara a kowace kaka. Galibinsu da dare suke tafiya, a warwatse, daga 'yan ɗaruruwan mitoci zuwa kilomita biyu ko uku a sama. Dare ya fi musu: iska ta lafa, sanyi na rage musu asarar ruwan jiki, shaho ya kwanta, yini kuma ya zama na neman abinci. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masu aiki da na'urar rada a Ingila sun riƙa ganin ɗige-ɗige na ratsa allonsu alhali babu jirgi, har suka laƙaba musu suna "mala'iku". Masanin tsuntsaye David Lack na cikin waɗanda suka nuna cewa tsuntsaye ne. Yau wasu masu kallo kan kafa makirufo a kan rufin ɗaki su naɗi 'yar siririyar ƙarar da tsuntsayen ke yi suna wucewa cikin duhu, da safe su zauna su tantance. A nan karin magana ta zama zahiri, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma da kukan ake gane wanda ya wuce.

To su wa ake gani a gaɓa? Ayari ne daban-daban, kowanne da abin da ya koro shi, kuma cakuɗa su ne ke sa mutum ya je a lokacin da bai dace ba ya dawo yana cewa babu komai.

Ayarin da ya fi ɗaukar ido shi ne na masu shawagi: shamuwa, shirwa, mikiya, ungulu, kwasakwasa da manyan shahuna. Jiki da nauyi, fukafukai da faɗi. In suka ce kaɗa fiffike za su yi ta yi, ƙarfinsu zai ƙare ba a je ko'ina ba. Saboda haka aron ƙarfin rana suke yi. Idan hantsi ya ɗaga, ƙasa ta ɗau zafi, iskar da ke kanta takan yi ɗumi ta miƙe sama kamar ginshiƙi. Tsuntsun ya shiga ciki, ya baje fukafukai, ya yi ta kewayawa tana ɗaga shi. In ya kai ƙololuwa sai ya sulale gaba har ya tarar da wani ginshiƙin. Da haka farar shamuwa ke cin kilomita ɗari biyu ko uku a yini ba ta jigata ba. Teku kuwa ba ya ɗaukar zafi yadda ƙasa ke yi, don haka irin wannan tsani ba ya miƙewa a kansa. Ga mai shawagi, Bahar Rum rami ne. Dole ya bi gefe har ya sami inda ya fi ƙunci.

Shi ya sa 'yan wurare ƙalilan suka yi suna. Mashigin Jibraltar, tsakanin Sifen da Maroko, faɗinsa kilomita 14 ne kacal a inda ya fi matsewa, kuma kowace kaka shirwar Turai da farar shamuwa kan tsallaka ta nan, kowaccensu sama da dubu ɗari. Idan iskar gabas mai ƙarfi ta taso, sai su taru a tuddan da ke bayan garin Tarifa su yi kwanaki suna jira. Wasu su gwada, su kai tsakiyar ruwa su juyo, wasu kuma, musamman matasan ungulaye, ƙarfinsu ya ƙare su faɗa ruwa. A gabas akwai mashigin Bosforus a Istanbul. Akwai Batumi a ƙasar Jojiya, inda Bahar Aswad ke hannu ɗaya, duwatsu na ɗaya hannun, hanya ta rage 'yar ƙofa. Tun 2008 'yan sa-kai ke ƙirga a can, kuma sukan sami tsuntsaye masu farauta sama da miliyan ɗaya a kaka guda, kusan rabinsu shahon zuma, wanda abincinsa 'ya'yan rina ne. A Veracruz ta Mekziko, tsakanin duwatsu da teku, adadin kan haura miliyan huɗu. Mai zuwa kallon waɗannan ba ya bukatar sammako, domin ba sa tashi sai ƙasa ta yi zafi. Ba duk mai farauta ne ke tsoron ruwa ba kuma: shaho mai kamun kifi da ƙananan shahuna masu siririn fiffike kan kaɗa su tsallaka kai-tsaye, har shahon Amur na ratsa kusan kilomita 3,000 na teku daga Indiya zuwa gabashin Afirka.

Ayari na biyu na ƙanana ne masu tafiyar rana, irin su tsattsewa, kurciyoyin daji da 'yan tsuntsaye masu cin tsaba. Suna iya tsallaka ruwa, amma ba sa so sai ya zama dole, sai su riƙe gaɓa a matsayin jagora har ƙasa ta ƙare. Falsterbo, a ƙarshen kudu maso yammacin Suwidin, nan ne ƙasar ke ƙarewa, kuma a safiyar Oktoba mai kyau dubun-dubatarsu ke bi ta kan mai kallo cikin awa uku na farko. Amma ga wani abu: sun fi ganuwa idan iska na tunkarar su, domin a lokacin suke yin ƙasa-ƙasa don su kauce mata. Ranar da take tura su ta baya, ranar da tafiya ta fi daɗi, sukan lula can sama inda madubi ba ya kaiwa. Mai kallo ya rubuta "shiru" a littafinsa, alhali kansa cike yake da matafiya.

Ayari na uku ne ya fi taɓa mini zuciya. Su ne masu tafiyar dare da iska ta karkatar. A Cape May, wani tsini a jihar New Jersey ta Amurka, kowa na jiran daren da sanyi zai sauko da iskar arewa maso yamma. Iskar kan tura masu ƙaura zuwa gabas, gari ya waye musu a kan Tekun Atlantika. Tsuntsun da bai kai nauyin giram 15 ba, ba ya iya sauka a ruwa; ko ya komo tudu ko ya mutu. Sai su juyo, su yi ta kokawa da iska har su kai gaɓa. Abin mamakin shi ne, da hantsin fari za ka gan su suna tafiya arewa, a kakar da kowa ya san kudu ake nufa. Gyara hanya suke yi, suna neman kurmin da za su ci su huta. Waɗanda ka gani su ne suka kai. Na bayansu babu mai ƙirga su.

Kuma mafi yawan waɗannan yara ne, 'yan wata biyu ko uku da ƙyanƙyasa. A tashoshin sa wa tsuntsaye zoben shaida a ƙafa da ke gaɓar gabashin Amurka, an daɗe da lura cewa sama da kashi 85 cikin ɗari na ƙananan tsuntsayen da ake kamawa da kaka 'yan bana ne, adadin da ya zarce na tashoshin cikin ƙasa. Wani gwaji da ya shahara ya haska dalili. Tsakanin 1948 da 1957, masanin Holan A. C. Perdeck ya kama wasu baƙaƙen tsuntsaye masu ɗige-ɗige da ake kira sitalin, sama da 11,000, suna kan hanyarsu ta ratsa Holan. Ya sa musu zobe, ya kai su Suwizalan a jirgin sama, ya sake su. Manyan suka gane an ɗauke su daga hanya, suka karkata arewa maso yamma wajen inda suka saba cin rani a arewacin Faransa da kudancin Ingila. Yaran kuwa suka ci gaba da bin alƙiblar da suka taso da ita, suka ɓulla kudancin Faransa da Sifen, inda iyayensu ba sa zuwa. Ma'ana, ɗan tsuntsu yana fitowa daga ƙwai da alƙibla a kansa, kuma an tabbatar yana karanta ta daga rana, daga yadda taurari ke juyawa, da kuma maganaɗisun ƙasa. Taswira ce ba shi da ita, sai ya yi tafiyar farko ya rayu. Shahon zuma ma haka ne: manya kan riga tafiya su bi mashigai, 'ya'yan su taso makonni bayansu su kaɗai, da yawa su miƙa kai-tsaye kan Bahar Rum. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Idan aka haɗa wannan da mugun yanayi, sai a sami abin da masu kallo ke kira zubowa. Daren ya fara da sarari a inda suka taso, suka tashi da yawa, sai suka ci karo da ruwan sama da hazo a kan teku. Duk wanda ya ga tudu sai ya faɗo. Ranar 3 ga Satumba 1965, irin haka ta faru a gaɓar Suffolk ta gabashin Ingila. An ƙiyasta tsuntsaye kimanin rabin miliyan ne suka zubo, suna sauka a kan tituna har da kafaɗun mutane, wasu kuma igiyar ruwa ta fito da gawarwakinsu. Har yau ana ba da labarin ranar da sha'awa.

Na taɓa ganin ƙaramar zubowa, kuma ita ta sauya mini yadda nake fahimtar "rana mai kyau". An kwana ana yayyafi, da asuba ya tsagaita. A wata 'yar ƙaya da ba ta kai ƙuguna ba, kusa da inda igiyar ruwa ke tsayawa, na tarar da ɗan tsuntsu ruwan toka-toka, ya kumbura gashinsa, fukafukansa sun saki, idonsa na lumshewa yana buɗewa. Tsakanina da shi bai fi taku biyu ba, bai motsa ba. Da farko na ɗauka rashin tsoro ne. Da na ƙura masa ido sai na ga ƙashin ƙirjinsa ya turo gashi kamar bakin wuƙa: ya ƙone kitsensa duka, ya fara cin naman fiffikensa. Ba sabo ne ya zaunar da shi ba, ƙarfin tashi ne babu. Wani ɗan ƙuda ya sauka a reshe, ya miƙa wuya da ƙyar ya cafke. Na ja da baya a hankali na bar masa ƙayar.

Ba mutum kaɗai ya san wannan sirri na gaɓa ba. Shahon Eleonora, mai sheƙa a duwatsun tsibiran Bahar Rum da gaɓar Maroko, ya jinkirta ƙyanƙyasarsa zuwa ƙarshen Agusta, lokacin da sauran tsuntsaye sun gama tuni, don 'ya'yansa su tashi daidai da isowar gajiyayyun matafiya. Da su yake ciyar da gidansa, sannan shi ma ya kama hanyar Madagaska. Wannan tsarin halitta ne da ƙaura ta daɗe da jure masa. Abin da ba ta saba da shi ba shi ne yawan kisan da mutane ke yi: binciken ƙungiyar BirdLife na 2015 ya ƙiyasta ana kashe tsuntsaye tsakanin miliyan 11 zuwa 36 ba bisa ƙa'ida ba kowace shekara a ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, da raga, da danƙo, da bindiga. Ƙuncin da ya sa kallo ya yi sauƙi, shi ya sa kisa ya yi sauƙi.

Duk wannan na da tasiri kan yadda ya kamata a karanta lambobi. Ƙirga ita kanta sana'a ce. Ba a ƙirga masu shawagi suna kewayawa a ginshiƙi, domin za ka maimaita. Jira ake yi su fara sulalewa a jere, sannan a riƙa danna ɗan maƙirgin hannu, kowane yatsa da jinsinsa. Garke babba kuwa, mutum kan ƙirga goma ko ɗari, ya riƙe girman a ido, ya riƙa aza shi a kan sauran. Amma ko ƙirgar ta yi daidai, adadin rana ɗaya ko kaka ɗaya ya fi ba da labarin iska fiye da labarin tsuntsaye. Ina jin takaici in na ga an ɗauki lambar shekara guda ana shelar cewa wani jinsi ya ƙaru ko ya ƙare. Darajar aikin na cikin maimaici: wuri ɗaya, ranaku ɗaya, tsari ɗaya, shekara bayan shekara, har iskar bana da ta baɗi su shafe juna. A Falsterbo haka ake yi tun 1973, a Cape May tun 1976. Ko a nan ma sai an yi hattara. Farar shamuwa da yawa yanzu ba sa tsallakawa Afirka, suna cin rani a jujin shara na Sifen da Fotugal. Tsuntsun da ya daina wucewa ta gabanka, wataƙila ƙarewa yake yi, wataƙila kuma zango ya rage. Sai an haɗa da ƙirgar wuraren sheƙa, da zobe, da na'urorin bin sawu, kafin a yanke hukunci.

Saura ayari ɗaya, wanda shi ba kuskure ko tsoro ne ya kawo shi gaɓa ba. Su ne tsuntsayen laka, masu dogayen ƙafafu da dogon baki, masu tonon tsutsa da ƙananan kaguwa da dodon-koɗi a inda teku ya janye. Agogonsu ba rana ba ce, cikowar ruwa da janyewarsa ne. In ruwa ya janye sukan bazu can nesa suna ci. In ya ciko su taru a 'yan tuddan da suka rage, su soke baki a fiffike. Tekun Wadden, a gaɓar Holan, Jamus da Danmak, na karɓar tsuntsaye miliyan 10 zuwa 12 a shekara, kuma daga can wasu ke tashi tafiyar sama da kilomita 4,000 zuwa Banc d'Arguin ta Muritaniya, inda kimanin miliyan biyu ke cin rani. Kafin doguwar tafiya, irin waɗannan kan ci har kitse ya kai kusan rabin nauyinsu, sannan ƙundu da hanji da hanta su tsuke, tunda ba za a yi aiki da su a sama ba. A Oktoba 2022 wani ɗan wata biyar daga jinsin da ake kira godwit, ɗauke da na'urar bin sawu, ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai Tasmaniya: kilomita 13,560 cikin kwana 11, babu ci babu sha.

Wanda ya san wannan lissafi ba zai yi abin da na taɓa yi ba. Ruwa ya ciko, garke na barci a kan wani ɗan tudun yashi, ni kuma ina son in tantance guda ɗaya da ya yi mini kama da baƙo. Na matsa taku goma, na ƙara biyar. Kawuna suka fara fitowa daga fukafukai, na gani, ban tsaya ba. Sai gaba ɗaya suka tashi. Babu wani tudun da za su sauka, duk ruwa ya shanye, haka suka yi ta kewaye a kan teku fiye da rubu'in awa, ina tsaye ina kallon kitsen da suka tara don tsallaka hamada yana ƙonewa saboda ni. Tun ranar, da na ga kai ɗaya ya ɗago, na san na wuce iyaka. Kare da aka saki, ko jirgi marar matuƙi da aka tayar don hoto, ɓarnarsu ta fi haka, domin sukan maimaita ta sau da yawa a cikowa ɗaya.

Irin wannan zango ba shi da madadi, kuma an gwada an gani. A 2006 Koriya ta Kudu ta rufe bangon teku mai tsawon kilomita 33 a Saemangeum, ta yanke faffaɗar laka daga cikowar ruwa. Masu goyon bayan aikin sun ce tsuntsayen za su koma wani wuri. Ƙirgar da aka yi a gaɓoɓin da ke kusa ba ta nuna sun koma ba, ta Ostareliya kuma, inda suke cin rani, ta nuna dubun-dubatarsu sun ɓace.

A da akwai wani tsuntsun laka mai siririn baki lanƙwasasshe da ke ƙyanƙyasa a yammacin Saibiriya ya ci rani a gaɓoɓin Bahar Rum. A ƙarni na 19 ba baƙo ba ne a can. Farauta da busar da fadamu suka yi ta rage shi, ba a kuma sake ganin sheƙarsa ba tun shekarun 1920. A ƙarshe 'yan ƙalilan ne ke zuwa wani tafkin gaɓa da ake kira Merja Zerga a Maroko, masu kallo na tahowa daga ƙasashe masu nisa don su gan su. An ga na ƙarshe da aka tabbatar a can cikin Fabrairu 1995. An ci gaba da neman sa kusan shekara talatin, daga Saibiriya har Arewacin Afirka, kafin masana su bayyana a Nuwamba 2024 cewa ya ƙare.